Lafiya Uwar Jiki: Mu Koyi Karanta Takardar Gwajin Tiroyid

Ɗaliban yaƙi da jahilci, ku matso kusa da rediyo, kowa ya ɗauko alƙalami da littafinsa. Yau za mu karanta takardar likita tare.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka. Likitoci suna ce mata tiroyid. In ta kumbura, ita ce muke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari cikin jini. Wannan sinadari ne ke ba jiki ɗumi da kuzari.

Wani lokaci tiroyid takan yi rauni, sinadarin ya ƙaranta. Rashin iyod cikin abinci yana kawo haka, shi ya sa ake cewa mu ci gishiri mai iyod. Wani kuma jikinsa ne da kansa ke yaƙar tsokar. Wani an yi masa aiki an cire ta.

Mai wannan ciwo yana gajiya ba tare da aiki ba. Yana jin sanyi ko lokacin zafi. Fatarsa tana bushewa, bayan gida yana yi masa wuya, yana ƙiba. Mace kuma jinin al'adarta yakan rikice. Amma alamu kaɗai ba su isa ba, kuma ba kowane mai maƙoƙo ke da wannan rauni ba. Sai an gwada jini a babban asibiti.

A takardar gwajin za ku ga baƙaƙe uku. Ku rubuta su: T, S, H. Mene ne TSH? Saƙo ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana umurtar tiroyid ta yi aiki. Ku tuna da mai jaki a hanyar kasuwa. In jaki yana tafiya daidai, mai shi ba ya yawan tsawa. In jaki ya yi nawa, tsawa sai ta yawaita. In kuwa ya zabura da gudu, mai shi sai ya bar tsawa ɗungum. To, jakin shi ne tiroyid, tsawar ita ce TSH.

Saboda haka ku riƙe wannan da kyau:

1. TSH tsakanin 0,4 da 4: ga yawancin manya, daidai ne.
2. TSH ya hau sama: sinadari bai isa ba.
3. TSH ya sauka ƙasa ƙwarai: ga mai shan magani, maganin ya yi yawa.

Akwai kuma T4. Shi ne awon sinadarin kansa cikin jini. Likita yana duba su biyun tare.

Maganin ƴar ƙwaya ce, sunanta lebotiroksin. A kan kwalin akwai lamba: 25, 50, 75 ko 100. Lambar ita ce ƙarfin ƙwayar. In kun je farmasi, ku karanta lambar, ku gwada ta da wadda likita ya rubuta.

Ga misali. Wata mata tana shan 50. Aka gwada, TSH ya nuna 12. Likita ya mai da ita 75. Ya ce ta komo bayan sati 6 zuwa 8, domin jini ba ya daidaita kafin nan. Da ta komo, TSH ya nuna 2. To, an dace. Daga nan gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Tsoho da mai ciwon zuciya kuwa, da kaɗan ake fara musu, a riƙa ƙarawa sannu.

Ana shan ƙwayar kullum da safe, da ruwa zalla, ciki ba kome. A jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko fura. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ya raba su da awa 4. A ajiye kwalin inda rana da laima ba su kai.

Kada kowa ya ƙara ma kansa magani don ya ji gajiya. In ya yi yawa, zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, barci yana ƙaura, ƙashi yana rauni. Kada kuma a bari don an ji sauƙi. Yawancin masu ciwon nan har iyakar rai suke sha.

Mata, wannan taku ce. Mai shan maganin nan in ta samu ciki, ta je wurin likita nan da nan. Jikinta yana bukatar ƙari, domin a watannin farko ƙwaƙwalwar jariri da sinadarin uwa take ginuwa. Maigida, ka raka ta, ka biya kuɗin gwaji.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku. In TSH ya hau, me ke nan? Sati nawa ake jira kafin sabon gwaji? Wa ke da ikon sake lambar magani?

Sai wani sati. Allah ya ba mu lafiya.