Hatsin Da Ake Kira Ot

Yau zancenmu a kan wani hatsi ne da ba a nomansa a gonakinmu. Sunansa ot. Wanda ya taɓa shiga kanti a birni ya ga gwangwaninsa, mai hoton wani dattijo da baƙar malafa, an rubuta Quaker. Hatsin ƙasashen sanyi ne, Rasha da Kanada su suka fi kowa nomansa. Mutanen Sikotilan kuwa da kununsa suke karya kumallo tun kaka da kakanni.

To, ina amfaninsa ga jiki? In an dama shi za ku ga yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Amfanin a cikin yauƙin nan yake.

Akwai wani maiƙo a jinin kowa, likitoci suna ce da shi kolestarol. In ya yi yawa sai ya liƙe a hanyoyin jini, kamar yadda laka take toshe magudana, ciwon zuciya ya biyo baya. Kun san matsarmama, wadda mahauci yake cirewa a hankali daga jikin hanta. Da maiƙon nan hanta take yin ruwa mai ɗacin da ke cikinta. Ruwan yakan gangara hanji, yauƙin ot ya kama shi, su fita tare in an zaga bayan gida. Tilas hanta ta jawo maiƙo daga jini ta yi wani, sai na jinin ya ragu. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta wannan amfani a jikin kwalinsa. Kamar cikin kofin shayi ɗaya na busasshensa ake bukata kullum.

Yauƙin nan kuma yakan hana sukari rugawa cikin jini, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Amma wanda ya zuba masa sukari cokali huɗu ya ɓata aikin. Kuma abinci ne, mai ciwo kada ya bar maganin asibiti dominsa.

Na san yana da tsada. Wanda ba shi da hali kada ya damu, wake da kuɓewa suna da ɗan'uwan abin nan. Ku faɗa wa mata su rage surfen gero, gama ot da dusarsa ake cinsa, mu kuwa tamu awaki muke ba.