Tsohon Hasken da Ake Awonsa Daga Doron Ƙasa



Mu da muka tashi a ƙasar Gwarzo da Kabo mun saba da kallon sama tun muna yara. Da dare mukan ga Kaza da 'Ya'yanta, da asuba kuma Gamzaki. To, a cikin duhun da ke tsakanin taurarin nan akwai wani haske wanda ido ba ya gani, kuma a kansa za mu yi magana yau.

A shekarar 1964 wasu masana biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata eriya mai siffar ƙaho a Holmdel ta ƙasar Amurka. Duk inda suka juya ta, dare da rana, sai ta kama wata 'yar ƙara da ba ta gushewa. Suka zargi tantabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka share kashinsu, amma ƙara tana nan daram. Daga bisani aka gane ragowar ɗumi ce ta farkon samuwar sararin samaniya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. A 1978 aka ba su kyautar Nobel. Awon da ya biyo baya ya nuna ɗumin nan digiri 2.7 ne kacal sama da matuƙar sanyi, wato kusan digiri 270 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

Babbar wahalar awonsa daga ƙasa ita ce laimar iska, domin tururin ruwa yana shanye wannan haske, yana kuma fitar da nasa. Shi ya sa ake kai na'urori Hamadar Atakama ta ƙasar Chile, a tudu mai tsawon fiye da mita 5,000, da kuma ƙuryar kudancin duniya. Iskar hunturunmu busasshiya ce, amma ƙasarmu ba ta da irin wannan tudu.

Duk da haka kada mu ce ilmin na wasu ne. A 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya, tashar Kano tana cikin masu bin sawun kumbonsa.

'Yan'uwa, da masanan nan sun ɗauki ƙarar a matsayin aibin na'ura, da sun rasa abin da suka gano. Gobe mu ne za mu riƙe littattafan awon ruwan sama da na asibiti da na ƙidaya. In wata lamba ta ƙi dacewa da abin da muke so, kada mu goge ta, mu bi diddiginta.