Kukan Bel a Tsohuwar Motar da Aka Sauya wa Inji

 

A gareji da yawa, idan mota ta shigo bel ɗinta na kuka, kafin a tambayi mai ita komai yaron gareji ya riga ya ɗauko sabulu ko man birki. A goga, ƙara ta ɗauke, a rufe bonet, mai mota ya biya ya tafi. Kwana biyu ya dawo, wannan karon da bel ɗin da mai ya ci har ya kumbura. Wannan ɗabi'a nake roƙon mu bari, musamman a motocin da muka sauya wa inji, domin a irinsu da wuya laifin ya zama na bel ɗin kansa. Akasari kukan yana faɗa mana ne cewa wani abu bai zauna daidai ba a aikin da hannunmu ya yi.

Ku ɗauki Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma har yau tana ɗaukar mutane da buhuna a hanyoyin ƙauyukanmu. Injinta na asali da fanbel siriri yake aiki, mai shiga cikin kwarin fuli ya kama da gefensa biyu. Bel mai faɗi mai layi-layi, wanda shi kaɗai yake zagaye duk kayan gaban inji, daga baya ya zo: a 1979 kamfanin Ford ya sa shi a motar Mustang a Amurka, sannan ya bazu. Yau idan injin tsohuwar mota ya gaji, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ake nufa, a sayo injin tokumbo mai irin wannan bel. Sai a tarar kwamfaresan e-si yana dukan jikin mota, ko altaneta ba ta da wurin zama. A kira mai walda ya ƙera sabon maƙalli, a matsar da wannan, a cire wancan, a nemo bel ɗin da tsawonsa ya yi kusa. Fanbel na da yana haƙuri da irin wannan aiki. Mai layi-layi ba ya yi. Tsakanin layi da layi milimita 3.56 ne kawai, kuma kowane layi sai ya faɗa cikin nasa kwarin a kan kowane fuli.

To, abu na farko shi ne kunne. Ƙara iri biyu ce, kuma ba cuta ɗaya ke kawo su ba. Akwai doguwar ƙara mai tsini, wadda ke tashi da safe da zarar an tayar da mota, ko idan an kunna e-si, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe. Wannan santsi ne, bel yana zamewa a kan fuli saboda bai ɗauru ba ko nauyi ya fi ƙarfin kamunsa. Akwai kuma gajeriyar ƙara mai maimaituwa kamar kukan 'yan tsaki, wadda ke ƙara sauri idan an taka totur. Ita wannan, mafi yawan lokaci, fulin da bai yi layi ɗaya da 'yan'uwansa ba ne.

Idan kunne ya kasa rabewa, ruwa zai raba. A bar inji yana aiki a silo, a fesa ruwa kaɗan a ɓangaren bel mai layi, daidai inda yake shiga fuli. Idan ƙarar ta ƙaru, matsalar ɗauri ce, domin ruwan ya ƙara wa mai santsi santsi. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo bayan ya bushe, karkacewa ce. Idan kuwa ko gezau ba ta yi ba, a zargi boris. Don Allah, masu koyon wannan sana'a, mai yin wannan gwaji ya naɗe hannun rigarsa, kada ya sunkuya da carbi ko tsumma a hannu, ya kuma tuna fankar lagireto mai lantarki tana tashi da kanta ba sallama.

A kan karkacewa zan fi daɗewa, domin nan ne injin da aka sauya ya bambanta da wanda ya fito daga kamfani. A kashe inji, a cire bel, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin karanshaf, a miƙa shi zuwa na altaneta, sannan na famfon sitiyari, sannan na kwamfaresa. Fulin karanshaf shi ne liman, sauran duk shi suke bi. Amma akwai tarko a nan: leɓen fuli ba kauri ɗaya ba ne, na wannan inji daban, na wancan daban. Saboda haka kada a tsaya ga cewa ƙarfen ya taɓa fuska biyu. A auna daga ƙarfen zuwa kwarin farko a kowane fuli, lissafin ya zo ɗaya. Fuli yana iya fitowa gaba ko ya koma baya, wannan ana gyara shi da washa a bayan maƙalli ko a rage kauri. Yana kuma iya zama a gicciye, kuma wannan ya fi wuya, domin sau da yawa zafin walda ne ya ja ƙarfen ya lanƙwasa, ko kuwa ƙarfen da aka yi maƙallin da shi ba shi da kauri, yana tsaye daidai idan inji na kashe, amma da bel ya ja shi sai ya russuna. Irin wannan maƙalli washa ba ya gyara shi, sai an sake shi ko an yi masa tokari. Fulin famfon sitiyari kuma a injuna da yawa dannawa ake yi ya shiga, ba noti ke riƙe shi ba, kuma idan bai shiga iyakarsa ba milimita biyu sun isa su hana mai mota sakat.

Bel ɗin da aka cire shi ma shaida ne, kada a jefar da shi ba a duba ba. Idan gefe ɗaya ya cinye har zare ya fito, ko an ga baƙin gari ya taru a ƙasan wani fuli, to ga inda ake gogayya. Idan cikinsa ya yi sheƙi kamar an goge shi, ya daɗe yana zamewa. Ku kuma ƙirga layukan. Lambar da ke bayansa, misali 6PK1750, tana nufin layi 6, tsawo milimita 1750. Na sha ganin bel mai layi 5 a kan fuli mai kwari 6, a wannan fuli ya zauna ta gaba, a wancan ta baya.

Sai ɗauri. Yawancin waɗannan injuna suna da tenshina mai sifirin da ke ɗaure bel da kanta, kuma a jikin da yawa daga cikinsu akwai alamar iyaka. Idan an cire kwamfaresa ko an matsar da altaneta, tsawon da ake buƙata ya canza. Bel ya yi tsawo kaɗan, hannun tenshina ya kai ƙarshen tafiyarsa, a ido kamar a ɗaure yake, alhali babu ƙarfi. A zagaya igiya ta bi hanyar bel a auna, maimakon a yi ta gwada na kanti ɗaya bayan ɗaya. Inda kuma da hannu ake ɗaurewa, kada a sa dogon ƙarfe a banƙare altaneta don ƙara ta mutu. Za ta mutu, amma boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne za su biya.

Akwai abin da ake yawan mantawa, wato yawan fulin da bel ya rungume. Altaneta mai ba da amfiya 100 a kan volt 14 tana fitar da wat 1,400, kuma da yake kusan rabin ƙarfin da take karɓa zafi yake zama, abin da take ja daga inji ya haura ƙarfin doki 3. Duk wannan ta ɗan ƙaramin fulinta yake bi. Idan sabuwar hanyar da muka bi da bel ta sa yana shafar gefen fulin kawai ya wuce, duk ɗaurin duniya ba zai hana shi zamewa ba, sai an ƙara fulin banza da zai lanƙwaso shi ya ƙara kamu. Nauyin altaneta ne ma dalilin kukan safe: batir ya zuba ƙarfinsa wajen tayar da inji, altaneta na fama ta mayar masa. Idan batirin ya raunana, kukan ya fi tsawo, don haka a gwada shi kafin a taɓa sifana.

Baƙin mai daga sil ɗin gaban inji, ko ruwan lagireto mai ɗiga, kowanne yana sa bel kuka. A toshe yoyon, a wanke kwarin fuli da buroshi har ƙurar hunturu da ta daskare ta fita, a sa sabon bel. Ku sani kuma bel na yanzu da robar EPDM ake yin sa, ba ya tsattsagewa da wuri kamar na da, layukansa ne ke cinyewa a hankali, har ya zauna a gindin kwari ya daina kamawa alhali bayansa na nan kamar sabo.

Tun da bel na hannu, a juya kowane fuli da hannu a ji ko yana gurza ko yana rawa. Ana iya tayar da inji ba bel na ƙasa da minti ɗaya. Idan ƙarar tana nan, daga wani wuri take.

Kafin a mayar da bel, a duba famfon ruwa. A injuna da yawa bayan bel mai santsi ne ke juya shi, don haka yana juyawa saɓanin karanshaf, kuma fukafukan cikinsa don wannan juyi aka ƙera su. Wanda ya sauya hanyar bel don ya kashe ƙara, ko ya ɗora famfon tsohon tsari mai fanbel, yana iya juya shi baibai. Bel zai yi shiru, motar za ta fita lafiya, sai an hau doguwar hanya allurar zafi ta fara hawa. Saboda haka a zana hanyar bel a takarda kafin a cire shi, a kuma manna zanen sabuwar hanyar a cikin bonet domin bakaniken da motar za ta je hannunsa a gaba.