Fanshon da Hatsari Ke Cinyewa

 

Yau maganarmu a kan diyyar hatsari ce. Ma'aikaci ya yi hatsari ya nakasa, ya bar aiki yana ɗan shekara arba'in. In aka zauna lissafin diyya, sai a kawo kuɗin asibiti, a kawo albashin da ya rasa. Fansho fa? Sau da yawa ba mai tuna shi.

Ku saurara da kyau. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta ce kowane wata ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ranar da albashi ya tsaya, ranar zubin ya tsaya. Guzurin tsufansa ne ya tafi, kuma ba ƙaramar asara ba ce.

A Ingila, tun 1984 ake da jadawalin Ogden. Da shi alƙalai ke ƙiyasta shekarun da mutum zai ƙara a duniya, su auna albashin da ya rasa, su auna fanshon. In raunin ya rage masa kwana, har abin da zai samu a shekarun da ya rasa ana lissafawa. Rai a hannun Allah yake, ba ja. Amma ƙiyasi ba duba ba ne. Hanya ce ta tsare haƙƙin mutum da na iyalinsa.

To, ɗan'uwa mai neman diyya, kada ka yi gaggawar sa hannu. Tambayi lauyanka: ina lissafin fanshona?

Allah ya kiyaye mu. Sai mun sake saduwa.