Jawabi Ga Manoma Da Makiyaya: Jinin Talaka Ba Ya Ruɓewa

Dattawa, iyayenmu mata, samari, ku matso kusa, yau maganar hakkin jini na kawo muku.

Ga maƙwabtanmu nan Cadi, inda 'yan uwanmu ke kai goro su sayo shanu. Daga 1982 zuwa 1990 Hissene Habre ya mulke su da bakin bindiga. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira DDS. Su zo da dare su ɗauki magidanci a gaban iyalinsa, shi ke nan, ba shari'a, ba gawa. A Injamena har wurin ninƙaya suka rufe da siminti suka mai da shi kurkuku. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta mutum 40,000 suka hallaka.

Da aka kore shi sai ya gudu Sanagal, ya miƙe ƙafa. Amma waɗanda suka fito da rai daga kurkukunsa ba su haƙura ba. Wani ma'aikaci, Sulaiman Gengeng, ya bi su ɗaya ɗaya yana rubuta abin da aka yi musu. Cikin 2001 aka tarar da takardun DDS zube a tsohon ofishinsu, da sunayen waɗanda suka mutu a tsare. Watau da hannunsu suka rubuta shaidar da ta kama su! Cikin 2012 Kotun Duniya ta ce wa Sanagal, ko ku yi masa shari'a ko ku miƙa shi, don kun sa hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa. Ran 30 ga Mayu, 2016, alƙalai 'yan Afirka suka yanke masa ɗaurin rai da rai. Matan da aka ci wa mutunci suka dubi idonsa suka ba da shaida.

To, mu fa? Da soja suka sauka cikin 1999 aka kafa Hukumar Mai Shari'a Oputa. Koke wajen 10,000 aka kai mata, har Kano ta zauna. An yi maganar Shehu Musa 'Yar'aduwa da ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin 1997. Tsofaffin shugabannin soja uku aka kira, suka ƙi zuwa. Cikin 2002 aka miƙa rahoto, gwamnati ta jefa shi aljihun tebur.

Za ku ji wasu na cewa a bar kaza cikin gashinta, a yafe. Wa zai yafe? Maraya ne mai wannan iko, ba gwamna ba, ba janar ba. Kuma ba ramuwar gayya muke nema ba. Wanda ake tuhuma a ba shi lauya, in ba hujja a sallame shi.

In kun ba jam'iyyarmu ƙuri'a, za mu fito da rahoton nan, a fassara shi da Hausa, a karanta a rediyo. Inda aka sami hujjar kisa, a miƙa wa Babban Lauyan Gwamnati. Dokar hana azabtarwa ta 2017, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25, ta kuma ce "umurni aka ba ni" ba uzuri ba ne, za mu sa ta yi aiki har ofishin 'yan sandan garinku.

Duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da gishiri, ku tambaye shi ina rahoton Oputa.