Jan Ƙugiya A Bayan Kwalekwale: Dabarar Kama Giwan Ruwa

Wannan shi ne jawabin da aka karanta wa ɗaliban wani ajin yaƙi da jahilci na manya a Tudun Wada, Zariya, waɗanda akwai masunta da masu sayar da kifi a cikinsu. An buga shi ne domin amfanin sauran masunta na karkara.

Duk wanda ya saba leƙa wurin masu kifi a kasuwar Tudun Wada ya san kukan da ake yi, wato babban kifin kogi ya yi wuya, sai ƙananan karfasa da tarwaɗar da ake kiwo a gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kalli mai ƙananan idanu da taru suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa yin ƙwai ba, wasu kuma suna zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa su kashe babba da yaro. Dokar gwamnatin tarayya mai lamba 108 ta 1992 ta hana su da guba ko nakiya ko wutar lantarki, ta kuma hana amfani da raga wadda idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3. To, amma hani kaɗai ba ya cika tukunya. Masunci yana bukatar hanyar da zai sami babban kifi ba tare da ya taɓa ƙananan ba, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan hanyoyi ita ce jan ƙugiya a bayan kwalekwale.

Yadda abin yake shi ne, maimakon a kafa mamari a tafi gida, ko a zauna a gaɓa da fatsa, sai mutum ya saki zare mai tsawo a bayan jirgi, da wani abu mai kama da ɗan kifi a ƙarshensa, ya riƙa tuƙi a hankali. Kifin da ke farautar 'yan'uwansa ne kawai zai biyo shi. A ruwayenmu manyan mafarautan su ne giwan ruwa da tsage. Giwan ruwa kuwa sananne ne, domin shi ake cin gasa da shi a bikin kamun kifi na Argungu, inda wanda ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78.

A Amurka da Kanada da wannan dabara ake kama wani kifi da suke kira walayi a manyan tafkunansu. Idonsa yana ƙyalli da dare kamar na kyanwa, yana kuma gani cikin duhu-duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci. Idon giwan ruwa ma haka yake, saboda haka lokacin farautarsu ɗaya ne, da asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. A Tafkin Nasir na Masar ma, baƙi masu yawon buɗe ido da jan ƙugiya suke kama giwan ruwa.

Ba kowane ruwa ne ya dace ba. Kogin Kubanni da ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ya yi ƙanƙanta. Ana son ruwa mai faɗi da zurfi, irin na bayan madatsa. Kubanni yana zuba a Galma, Galma ya zuba a Kogin Kaduna, shi kuma an datse shi a Shiroro a 1990. Ga kuma Kainji da aka gama a 1968. Abin lura dai shi ne, duk ruwan da ake ganin giwan ruwa ko tsage a cikin kamun masu kalli, to ana iya gwada jan ƙugiya a cikinsa, bayan an nemi izinin Sarkin Ruwa na wurin.

Kayan aikin ba su da yawa. Da farko zaren roba mai ƙarfi, wanda zai iya ɗaga buhu mai kilo 30 bai tsinke ba, tsawonsa kamar mita 100, a naɗe shi a jikin katako. Sa'an nan abin yaudarar kifin. Na kanti ana yin sa da katako ko roba da siffar ɗan kifi, yana da ɗan leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa yana kaɗa jiki. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ne ya sassaƙa irinsa a 1936, har yau kuma da sunansa ake sayar da shi. Sai dai yana da tsada, kuma rana ɗaya kututture zai iya cinye shi. Abin da ya fi wa talaka shi ne tsohon cokalin ƙarfe mai ƙyalli. A kai wa maƙeri ya yanke mariƙin, ya huda bakin cokalin gaba da baya, ya sa zobe a kowace huda. A zoben baya ake rataya ƙugiya mai baki uku. Idan an ja shi a ruwa yana walƙiya yana tangaɗi kamar kawarar da ta ji rauni. Wanda bai sami cokali ba yana iya ɗaura matacciyar kawara ko ƙaramar karfasa, ya ɗinke bakinta don kada ruwa ya cika ta.

Akwai abubuwa biyu da sabon shiga yakan raina, daga baya ya yi da na sani. Na farko waya. Haƙoran tsage suna yanke zaren roba nan take, saboda haka tilas ne a sa waya mai tsawon kamu ɗaya tsakanin cokali da zare. Silin wayar birkin keke yana wadatarwa. Na biyu ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sayarwa wurin masu kayan su. In babu shi, cokalin zai yi ta murɗa zaren har ya cukurkuɗe, a ɓata safiya guda ana warwara.

Zurfi shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa. Giwan ruwa ba ya yawo a sararin ruwa haka kawai, yakan laɓe ne kusa da duwatsu, ko itatuwan da ruwa ya shanye, ko gefen tsohuwar hanyar kogi da ke ƙarƙashin madatsa. Turawa suna da na'urar da ke nuna musu ƙasan ruwa. Masuncinmu yana da igiya da dutse. Ya ƙulla igiyar a kowace mita, ya riƙa aunawa yana rubuta abin da ya samu a ɗan littafi, alal misali daidai tsamiyar gaɓa mita 6, daidai dutsen tsakiya mita 9. A nan ne karatun da ake koya a aji zai yi masa rana. Idan ya san zurfin, sai ya ɗaura dalma kamar mita 2 gaba da cokalin, yana ƙarawa yana ragewa har cokalin ya riƙa tafiya sama kaɗan da ƙasan ruwa. In yana kwaso ciyawa ya yi ƙasa da yawa.

A saki zare mita 30 zuwa 50. Gudun jirgin kada ya wuce tafiyar dattijo a ƙasa, kamar kilomita 3 a awa, don haka filafili ya isa, ba sai an ƙona man inji ba. Kada a miƙe ɗoɗar, a riƙa karkata hagu da dama, domin a kan kwanar ne cokalin ke canza gudu, kuma sau da yawa a lokacin kifi ke kai cafka.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da zare. Ko kusa kada a naɗe zaren a hannu ko a ƙafa. Giwan ruwa mai kilo 20 yana iya yanka yatsa har ƙashi, ko ya kifar da ƙaramin jirgi. A riƙe da tsumma, in ya ja a sakar masa, in ya tsaya a jawo. Yakan yi tsalle sama yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiyar, a lokacin kada a bar zaren ya yi sako-sako. Sai ya gaji ya juya gefe za a kawo shi jikin jirgi, a kuma kula da ƙayar da ke murfin kunnensa da ta gadon bayansa. Wanda bai kai kamu ɗaya ba a cire masa ƙugiya a mayar da shi, bai yi ƙwai ba tukuna.

Gaskiyar magana, wannan dabara ba ta kullum ba ce. Akwai ranar da za a wuni ba a sami ko ɗaya ba, kuma da damina, lokacin da ruwa ya yi ja da laka, kifin ba ya ganin cokalin sosai. Lokacinta shi ne daga watan Nuwamba, bayan ruwa ya kwanta ya yi garau, har zuwa faɗuwar ruwan farko. Wanda Allah ya ba sa'a ya fede kifin tun a gaɓa, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, in kuwa ba zai isa kasuwa a ranar ba ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya yi banda.