Farashin Batir da Farashin Haske

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango



Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran jami'ai, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata, barkanmu da warhaka. Da aka ce zan yi magana a kan jin daɗin 'yan ƙungiya, na san wasu sun sa ran jin batun ƙarin girma ko bashin albashi. Waɗannan na bar wa shugabanni, su ke da bakin faɗa. Abin da na zo da shi ƙarami ne, aljihun riga ma ya ishe shi: batirin tocila.

Kowa a nan ya san rabin aikin malami da dare ake yin sa. Tsara darasi, duba littattafan yara, cika katin sakamako, duk sai bayan sallar isha'i, kuma sau da yawa babu wuta. Tocila mai caji da fitilar waya suna taimakawa, amma ranar da taransfoma ta lalace aka yi mako biyu cikin duhu, kowa batir yake komawa nema.

A daminar bara na zuba wa tocilata batir mai araha, na rataye ta, muka tafi dogon hutu. Wani dare bayan mun dawo, ƙaramin ɗana ya tashi zai zagaya, na ɗauko tocilar na murza, shiru. Na ce ya je haka, ai ya san hanya. Bai yi taku goma ba kunama ta harbe shi. Da gari ya waye na buɗe tocilar, sai na tarar batirin ya zubar da ruwa, ya cinye ƙarfen ciki. Na yi asarar tocila, yaro ya kwana yana kuka, duk a kan 'yan nairorin da nake ganin na rage. Tun daga ranar na shiga bin diddigin al'amarin, ga kuma abin da na fahimta.

Da farko, mukan raba batir gida biyu: mai suna, irin su Duracell da Energizer, da kuma mai araha, irin Tiger Head da muka tashi muka gani a rediyon iyayenmu. Amma ainihin bambancin yana cikin abin da aka cika batirin da shi. Mai araha yawanci na tutiya da gawayi ne, wanda asalinsa ke komawa ga aikin wani Bafaranshe, Georges Leclanché, a shekarar 1866. Gwangwanin jikinsa na tutiya shi ne abin da yake ci don ya ba da wuta, saboda haka yana aiki yana sirancewa, har ya kai ga hujewa. Wanda ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Ɗayan shi ne alkalin, wanda ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. Gwangwaninsa na ƙarfe ne, tutiyarsa gari ce a ciki, yana kuma ɗauke da wuta fiye da na farko nesa ba kusa ba. Dukansu bolt 1.5 ne, shi ya sa a daren farko haskensu kusan ɗaya ne. Sai tafiya ta yi tafiya ake gane bambanci.

To, yaya za a gane wanne ne wanne? A duba ƙananan haruffan da ke jikinsa. Matsakaicin batir, wanda ake kira AA, idan an rubuta R6 na tutiya ne, idan LR6 ne alkalin ne. Babban batir R20 ne ko LR20, ɗan ƙaramin kuma R03 ko LR03. Harafin L shi ne shaidar alkalin. Kada rubutun Heavy Duty ya ruɗe mu, domin ɗan gidan tutiya ne da aka ɗan inganta. Akwai kuma manyan kamfanoni da ke yin iri biyun, don haka babban suna kaɗai bai isa hujja ba.

Yanzu sai lissafi, tunda malamai ne mu. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, biyu masu araha naira 400 ne, suka yi dare 5. Kowane dare ya tashi a naira 80. Alkalin biyu kuma naira 1,600, suka yi dare 25. Kowane dare ya tashi a naira 64, ashe mai tsadar ne mai araha. Amma da a ce dare 15 kawai suka yi, kowane dare ya haura naira 100, mai arahar ya ci gasa. Ɗan aji biyar zai iya wannan rabawa, amma mu da muke koya masa ba ma yin ta a bakin shago. Farashin batir muke tambaya, alhali hasken dare muke saye. Shawarata ita ce kowa ya rubuta ranar da ya sa batir a bayan littafin tsara darasinsa, ya rubuta ranar da ya mutu, ya raba kuɗin da yawan dare. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ya tabbata shi ne, amsar ta danganta ga aikin da za a sa batirin. Abin da ke jan wuta da yawa, kamar tocila mai ƙarfi ko tsohuwar tocila mai ƙwai wadda za a kunna awa biyu ana duba jarrabawa, nan alkalin yake nuna fifikonsa, domin na tutiya yana saurin gajiya idan aka matsa masa. Abin da ke shan wuta kaɗan kaɗan, kamar rimot, ko ƙaramin rediyo, ko agogon bango, mai araha yana iya riƙe shi, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Ita kuwa tocilar ko-ta-kwana, wadda ake ajiyewa a gefen gado saboda rashin lafiya ko motsin dare, ita ce ta fi cancantar alkalin, domin yana jure ajiya shekara biyar ko fiye, na tutiya kuwa yana tsiyayewa ko ba a taɓa shi ba.

Sai dai akwai tarko, wato jabu. Babu asarar da ta kai mutum ya biya kuɗin alkalin a ba shi na tutiya sanye da rigar aro. Alkalin na gaske ya fi na tutiya nauyi idan girmansu ɗaya, a gwada a tafin hannu. A duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A guji wanda ya yini a kan tebur cikin rana, domin zafi yana cin batir tun yana cikin leda.

Ga kuma wasu ƙa'idoji da suka shafi kowane iri. Kada a haɗa sabo da tsoho, ko alkalin da na tutiya, a tocila ɗaya, domin mai ƙarfin yakan tilasta wa raunanan har ya zubar. Idan za a yi hutu ko tafiya, a cire batir a ajiye daban, shi ma alkalin yana zubarwa in ya daɗe a mace, ruwansa kuma yana ƙona fata da ido. Shanya mataccen batir a rana ɗan numfashi kawai yake ba shi, cizonsa da haƙori kuwa ganganci ne. Kada a jefa shi a wuta. Ina kuma roƙon 'yan uwana mu daina aiken yara su fasa tsofaffin batura don a shafe allo da baƙin cikinsu. Da yawanmu haka aka sa mu muna yara, amma hannun da ya dama wannan baƙi shi ne zai ci abinci a lokacin tara.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ranar ashirin ga wata wa ke da kuɗin alkalin? Gaskiya ne, kuma haka rashi yake sa mutum ya sayi abu ɗaya sau biyar. Saboda haka nake miƙa shawara ga shugabanni, asusunmu na taimakon juna ya riƙa sayo batir mai kyau a kan sari daga amintaccen dila idan albashi ya shigo, a raba wa masu so. Farashi zai sauka, fargabar jabu za ta ragu.

Allah ya haskaka mana gidajenmu, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya ba yaranmu ilimi mai amfani.